Haƙorin da Ba Ya Jure Sanyi, Buroshi Mai Laushi Yake So

Da zarar hunturu ya kankama, akwai mutanen da kurkurar baki a alwalar asuba kan zame musu jan aiki. Ruwan da ya kwana a buta ya yi sanyi ƙalau, ana guntsarsa sai wani zogi ya tsarga daga gindin haƙori ya haura har tsakar ka, cikin daƙiƙa biyu ko uku kuma ya lafa kamar ba a yi ba. Da bazara ma ba hutawa suke yi ba, domin fiya wata mai ƙanƙara, da zoɓo mai sanyi, har da iskar da ke shiga baki idan ana tafe a kan babur, duk suna tayar da shi. Mai wannan lalura yakan koyi zama da ita: ya riƙa karkatar da kai yana shan ruwa ta gefe guda, ya jira shayi ya huce, ya haƙura da lemo. Wani ya ce sanyi ne ya shige shi, wani ya ce gado ne, wani ya ɗora wa shekaru. Abin da ba kasafai yake tuhuma ba shi ne buroshin da yake ɗauka da hannunsa kowace safiya. Ni kuwa a ganina daga nan ya kamata a fara bincike. Duk wanda haƙoransa ba sa jure sanyi ko tsami, buroshi mai laushi mai ƙaramin kai shi ne nasa, kuma son buroshi mai tauri da ya zama mana ɗabi'a yana cikin abubuwan da ke haddasa wannan zogi, su kuma hana shi lafawa.

A tsaya a gaban kowane shagon unguwa ko teburin mai kayan masarufi a ga yadda ake cinikin buroshi. Mai saye zai ɗauko shi a cikin ledarsa, ya danna gashin da babban yatsa, in ya ji ya lotsa sai ya mayar, ya ce a ba shi mai ƙarfi. Mai shago ya san halin mutanensa, don haka ran da ya je sari, mai taurin zai fi lodowa, musamman irin wanda ake rubuta wa Smokers a kwali, wanda asali don masu shan taba aka yi shi amma ya zama na kowa da kowa, har mata da 'yan makaranta. Tunanin da ke bayan wannan ciniki ba ɓoyayye ba ne. Mun ɗauki haƙori tamkar gindin tukunya, wanda sai an sa soson ƙarfe an dirje kafin baƙin ya fita, shi ya sa in buroshi bai kankara ba, in dasashi bai ɗan yi raɗaɗi ba, sai mu ga kamar ba a goge baki ba. Har akwai masu ganin ɗan jinin da ke fitowa cikin kumfar makilin alama ce ta datti ya fita. Ba na ganin wautar mai sayen nan. Mutum ne mai son tsabta, tsabtar baki kuwa abu ce da addini da al'ada suka ɗaukaka a wajenmu. Abin da ya rasa shi ne wanda zai yi masa bayanin yadda haƙori yake, da kuma abin da ake so buroshi ya cire daga kansa.

Haƙori hawa-hawa ne. Ɓangaren da muke gani a saman dasashi lulluɓe yake da wani farin ɓawo da likitoci ke kira inamel, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan'adam, ba shi kuma da jijiya, don haka ba ya jin zafi ko sanyi. A ƙarƙashinsa akwai dantin, wanda bai kai shi tauri ba, launinsa kuma ya karkata zuwa rawaya. A can tsakiya ne ɓargon haƙori yake, inda jijiyoyi da hanyoyin jini suka taru. Shi dantin ɗin nan cike yake da mitsi-mitsin ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, dubbai a kowane ɗan wuri, kowace ɗauke da ruwa, sun miƙe daga waje har zuwa ɓargo. A shekarun 1960 wani masanin haƙori ɗan ƙasar Suwidin, Martin Brännström, ya bayyana yadda zogin ke faruwa, kuma har yau bayaninsa aka fi yarda da shi: idan dantin ya fito fili, sanyi ko iska ko zaƙi suka taɓa shi, sai ruwan da ke cikin ƙofofin ya motsa da sauri, motsin nan ne ke zungurar jijiya. A 1987 masu bincike a Birtaniya sun duba cirarrun haƙora da na'urar da ke ƙara girman abu, suka tarar cewa waɗanda masu su ke kukan zogi suna da buɗaɗɗun ƙofofi kusan ninki takwas na waɗanda ba sa zogi, faɗin kowace ƙofa kuma kusan ninki biyu. To, ma'aunin ke nan. Duk abin da zai tone dantin, ko ya share abin da ya toshe bakin ƙofofinsa, ƙara ciwo yake yi. Abin da zai bar su a rufe, shi ke rage shi. Da wannan ya kamata a auna buroshi kafin a biya kuɗinsa.

Dantin yana fitowa fili ta hanya biyu: ko inamel ya zaizaye, ko dasashi ya ja da baya ya bar saiwar haƙori a waje. Saiwa ba ta da inamel, wani siririn lulluɓi ne kawai a kanta, wanda ba ya daɗewa idan ana gurzarsa safe da dare. Abin takaicin shi ne ɓarnar ba ta komawa da kanta, domin inamel ba ya sake tsirowa, dasashin da ya janye kuma ba ya dawowa mazauninsa. Mai son gani da idonsa ya ɗauki madubi ya ɗaga leɓe, ya dubi fiƙarsa da haƙora biyun da ke bayanta, daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi. A bakin mai dirza da ƙarfi za a ga haƙorin ya yi kamar ya ƙara tsawo, gindinsa ya yi rawaya, sau da yawa da wani tsagi mai santsi wanda farce ke iya shiga, in an taɓa wurin kuma sai mutum ya zabura. Waɗannan haƙora su ne a kan kwanar muƙamuƙi, su buroshi ke fara duka, su kuma aka fi samun zogin a kansu. Likitocin haƙori sun daɗe da lura cewa masu amfani da hannun dama sun fi samun wannan zaizaya a gefen hagu na baki, inda hannun ya fi samun damar danna buroshi. Sanyin hunturu bai san dama da hagu ba, hannu ne ya sani. Gaskiya ne akwai wasu dalilan da ke janye dasashi, kamar ciwon dasashi na dattin da ya daɗe, ko mutum ya gaji siririn dasashi, ko haƙori ya fito a karkace. Amma waɗannan duk ƙarin hujja ne, domin dasashin da dama can mai rauni ne shi ya fi buƙatar a lallaɓa shi. Akwai kuma wani tarko da mutane da yawa ke faɗawa: yayin da inamel ke sirancewa, rawayar dantin sai ta riƙa bayyana ta ƙarƙashinsa, mai haƙorin ya ɗauka datti ne, ya ƙara ƙarfin dirza, ya nemo buroshin da ya fi na da tauri. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Me ma ake so buroshi ya cire? Wata farar dauɗa ce mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori da tsakankanin haƙora, wadda ko da farce ana iya kankaro ta da safe. Tarin ƙwayoyin cuta ce, ita ke jawo kogon haƙori da kumburin dasashi da warin baki. Dauɗar nan laushi gare ta, ba ta buƙatar ƙarfi. Abin da take buƙata shi ne gashin buroshi ya isa inda take. Idan aka bar ta ta kwana biyu, sinadaran da ke cikin miyau sukan daskarar da ita ta zama dutse-dutse a bayan haƙoran gaba na ƙasa da gefen turame, kuma daga nan babu buroshin da zai cire ta komai taurinsa, sai an je asibiti an yi wankin haƙori. Ashe buroshi mai tauri ba shi da gurbi: ya yi wa dauɗa mai laushi yawa, ya yi wa daskararriya kaɗan. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun da kamfanin DuPont ya fito da gashin nailan a 1938 aka samu damar ƙera buroshi da irin kaurin gashin da aka ga dama, kuma a 1948 wani likita a birnin New Orleans na Amurka, Charles Bass, ya yi rubutu a kan siffar buroshin da ya fi dacewa, inda ya zaɓi gashi siriri mai laushi wanda aka daddaɗe kansa. Salon gogewar da ake kira da sunansa har yau ana koyar da shi: a karkata buroshi ya fuskanci dasashi, a riƙa ɗan girgiza shi a wuri guda don gashin ya shiga ɗan lungun da ke tsakanin haƙori da dasashi, sannan a matsa gaba. Gashi mai kauri ba ya lanƙwasa ya shiga wannan lungu. A bakinsa yake tsayawa yana yankar nama.

Mai ja da wannan magana yana da hujja, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Zai ce shi dai yana jin bakinsa ya fi fita da mai tauri, kuma bincike bai ƙaryata shi gaba ɗaya ba. A wani nazari da aka yi a Jamus aka buga a 2011, an raba mutum 120 gida uku, aka ba wasu buroshi mai tauri, wasu matsakaici, wasu mai laushi, suka yi mako takwas suna amfani da su. Mai taurin ya fi cire dauɗa, amma shi ne kuma ya fi barin raunuka a dasashi. Ga mai lafiyayyen dasashi mai kauri, wanda haƙoransa ba sa zogi, ana iya zama a tattauna wanne ya fi. Ga wanda saiwar haƙorinsa ta riga ta fito, babu abin tattaunawa, domin abu biyun ba nauyinsu ɗaya ba. Ɗan abin da mai laushi ya bari na dauɗa ana cike giɓinsa da ƙarin lokaci da kyautata salo, mutum ya cika minti biyu cur yana bin haƙora ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje, maimakon daƙiƙa talatin na dirza. Naman da mai tauri ya cinye kuwa ba a cike giɓinsa a gida. Shi ya sa Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ke ba kowa da kowa shawarar buroshi mai laushi, ba masu zogi kaɗai ba.

Hujja ta biyu ta fi kusa da mu, ita ce ta goro da shayi da taba. Dattijon da ya shekara talatin yana cin goro zai ce mai laushi ba ya taɓa jan da ke haƙoransa, kuma gaskiyarsa. Sai dai mai taurin ma ba cire shi yake yi ba, in ban da a fuskar haƙoran gaba inda ya fi gurza, ya bar tsakankaninsu yadda suke. Daga nan ne ake komawa ga gawayi da toka da gishiri, ko garin goge haƙori na masu shan taba, kuma a nan ne ɓarnar ta fi muni. Domin in za a bi gaskiya, gashin buroshi shi kaɗai bai cika cin inamel ba. Abin da aka ɗora masa ne ke ci, shi ɗan aike ne. Kowane makilin yana ɗauke da ɗan gari mai gurza, kuma akwai ma'aunin ƙasa da ƙasa da ya iyakance ƙarfin gurzar a kan maki 250, sai dai kamfanoni da yawa ba sa rubuta nasu makin a kwali, gawayin murhu da toka kuwa babu wanda ya auna su balle ya iyakance. Har wasu gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna cewa gashi mai laushi, saboda yana riƙe makilin da yawa, yana iya gurzar dantin daidai da mai tauri idan makilin ɗin mai kaushi ne. Wannan bai rushe maganata ba, ƙara mata sharaɗi ya yi: ba a zaɓen buroshi a manta da abin da za a shafa masa. Mai zogi ya guji duk makilin da ke alƙawarin farin haƙori cikin kwanaki, ya nemi wanda aka yi domin haƙora masu zogi, mai lambar hukumar NAFDAC, mai ɗauke da sinadarin da ake rubutawa potassium nitrate, wanda ke kwantar da jijiya, ko stannous fluoride, wanda ke toshe ƙofofin dantin. Ba sha yanzu magani yanzu ba ne, yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu ana amfani da shi safe da dare kafin a ji bambanci. In an gama gogewa a tofar da kumfar kawai, kada a bi da ruwa a kurkure, don maganin ya samu zama a kan haƙori. Jan goro kuma a bar wa wankin asibiti.

Akwai abokin ɓarnar buroshi wanda ba a cika ambata ba, shi ne tsami. Inamel yana fara narkewa idan tsamin baki ya sauka ƙasa da kimanin 5.5 a ma'aunin da masana ke auna tsami da shi, dantin kuwa tun kafin a kai nan yake fara narkewa. Lemon kwalba yana wajen 2.5 zuwa 3.5, zoɓo da tsamiya da lemon tsami ma duk masu tsami ne ƙwarai. Kowa ya san yadda haƙora ke mutuwa bayan an tsotsi tsamiya ko ɗanyen mangwaro. A wannan lokacin fuskar haƙorin ta yi laushi, kuma miyau na buƙatar lokaci kafin ya mayar mata da ƙarfinta. Wanda ya ɗauki buroshi a daidai lokacin, to abin da tsami ya tausasa shi yake sharewa. A duba yadda muke yi da azumi: a sha ruwa da kunun tsamiya, a bi da zoɓo da lemo da abarba, sannan a yi maza a goge baki don a tafi tarawi. Niyyar mai kyau ce, lokacin ne bai dace ba. Abin da ya fi shi ne a kurkure da ruwa zalla, a jinkirta buroshi kamar rabin awa zuwa awa guda. Haka mai juna biyu da ke fama da amai, da mai ƙwannafi, domin ruwan ciki ya fi duk waɗannan tsami.

Sai maganar kuɗi, wadda a halin da ake ciki ba a raina ta. Magidanci mai 'ya'ya takwas zai ce mai laushi ba ya ƙarko, mako uku ya baje, mai tauri kuwa sai ya shekara. Amsa ta farko ita ce babu buroshin da ya kamata ya shekara. Wata uku zuwa huɗu ake so a canza, domin gashin da ya tsufa ba ya sharewa. Ta biyu kuma, buroshin da ya baje cikin mako uku ba rashin ƙarkonsa ya nuna ba, shaida ya bayar a kan hannun mai shi. Masu bincike a Jami'ar Newcastle ta Ingila sun nuna a 2003 cewa idan mutum ya yi minti biyu yana gogewa, danna buroshi fiye da nauyin giram 150 ba ya ƙara wata tsabta ta a-zo-a-gani. Wanda ke son sanin yadda giram 150 yake, ya ɗora kan buroshinsa a kan ƙaramin sikeli ya danna har allura ta kai, zai yi mamakin ƙanƙantar abin. Mafi yawanmu damƙe buroshi muke yi da tafin hannu duka, mu riƙa kai da komo da ƙarfin dantse. A gwada riƙe shi da yatsu uku kawai, ƙarfin zai ragu da kansa, kuma mai laushin zai kai watanninsa uku. Ta wannan fuska ma mai laushi ya fi, domin yana tona asirin hannu mai nauyi, mai tauri kuwa rufa masa asiri yake yi har sai dasashi ya biya bashin. In kuma lissafin kuɗi ake yi, a haɗa da kuɗin cike haƙori da na mota zuwa asibitin da ke da likitan haƙori.

A shago, abin dubawa bai da yawa. A nemi kwalin da aka rubuta Soft ko Extra Soft, a Nijar kuma Souple, tare da sanin cewa laushin wani kamfani matsakaicin wani ne, don haka in an kai gida a goga shi a bayan hannu. In ya yi kaushi a fata, dasashi ba zai jure shi ba. Kan buroshin ya zama ƙarami, wanda bai wuce ya rufe haƙora biyu ba, don ya isa turamen ƙarshe ba tare da an wangame baki ba. Bakin gashin ya zama a daddaɗe ko a sirance, ba yankakke mai kaifi ba, kuma a nan ne buroshi na bogi mai arha ke cutarwa ko da an rubuta masa laushi. Inda ba a samu na manya mai laushi ba, kamar yadda yakan faru a ƙauyuka, babu kunya babba ya sayi na yara. Buroshi mai aiki da batir ko caji yana da amfaninsa. Wani babban nazari na cibiyar Cochrane a 2014 ya nuna yana rage dauɗa da kimanin kashi 21 cikin ɗari fiye da na hannu bayan wata uku, wasu kuma suna da fitilar da ke kunnawa idan an danna da yawa. Wanda ke da hali ya saya, ya sa masa kai mai laushi. Amma da tsadarsa da halin wutar lantarkinmu, ba zan ce kowa sai ya mallake shi ba.

Wani zai ce duk wannan dogon bayani na me, alhali muna da asuwaki, wanda sunna ce mai ƙarfi, kakanninmu kuma da shi suka tsufa da haƙoransu? Ina girmama wannan magana, kuma bincike ya tabbatar cewa asuwaki yana cire dauɗa sosai a hannun wanda ya iya. Amma dokar da ta hau kan nailan ita ta hau kan itace. Busasshen asuwaki wanda ba a tauna bakinsa ya yi laushi ba, ko na darbejiya ne ko na marke ko wanda alhazai ke kawowa, buroshi mai tauri ne da wani suna. Ga shi kuma asuwaki yakan daɗe a baki fiye da buroshi, mutum na tafe ko yana zaune a majalisa yana gurzar haƙoran gaba, wuri guda, na tsawon lokaci. Binciken da aka yi a Saudiyya, inda asuwaki ya samu karɓuwa sosai, ya samu janyewar dasashi ta fi yawa a tsakanin masu yawaita shi. Mai zogi ba sai ya bar sunna ba. Ya zaɓi ɗanye, ko ya jiƙa busasshe, ya tauna bakin har ya yi laushi sosai, ya riƙa yanke tsohon bakin, ya share daga dasashi zuwa bakin haƙori a hankali maimakon kai da komo a gicciye. Sannan ya haɗa da makilin mai sinadarin fuloraid safe da dare, domin abincinmu na yau ba irin na kakanninmu ba ne. Su ba su tashi da lemon kwalba da alewa da shayi mai cokali huɗu na sukari ba.

Na san akwai mai ganin cewa a ƙasar da ake fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa, ɓata tawada ne a yi shafi guda a kan buroshi. Ban yarda ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kusan rabin mutanen duniya, kuma a 2021 hukumar ta sa makilin mai fuloraid cikin jerin magungunan da ta ɗauka na dole. A wajenmu likitocin haƙori kaɗan ne, mafi yawansu kuma a manyan birane. Jami'o'i irin su Bayero da ta Maiduguri suna yaye su, amma ba yau ba ne kowace ƙaramar hukuma za ta wadatu. Inda likita ya yi nisa, abin da mutum ke yi da hannunsa sau biyu a rana shi ne kusan duk kulawar da haƙoransa za su samu. Kuma zogin nan ba ya tsayawa a zogi: wanda gindin haƙorinsa ke ciwo yakan daina goge wurin, dauɗa ta taru, dasashi ya kumbura ya ƙara janyewa. Gyaran kuwa ba ya cin kasafin gwamnati. Masu kemis, waɗanda su ne likitan farko na yawancin mutane, su riƙa tambayar mai kukan haƙori irin buroshinsa kafin su miƙa masa maganin kashe zafi. Dillalan sari su wadata kasuwa da mai laushi a farashin mai tauri. Ma'aikatan awon ciki da malaman firamare da masu shirin lafiya a rediyo su sa wannan cikin abin da suke faɗa.

Ya rage a faɗi inda ikon buroshi ya ƙare, don kada wani ya riƙe maganata ya zauna da cuta. Zogin da nake magana a kai gajere ne, wani abu ke tayar da shi, yana tafiya da zarar abin ya gushe. Idan ciwon yana daɗewa bayan an haɗiye ruwan, ko yana tashi da kansa cikin dare, ko abu mai zafi ya fi tayar da shi, ko sai an tauna ake jin sa, ko haƙori guda ne tak ke yi, ko kunci ya kumbura, to wannan kogo ne, ko tsagewa, ko ɓargon haƙori ya kamu, kuma babu buroshi ko makilin da zai warkar da shi. Kada a danna asfirin a gindin haƙori, yana ƙona dasashi. Ruwan batir da fetur da wasu ke ɗigawa kuwa guba ne tsantsa. Haka nan wanda ya koma buroshi mai laushi, ya sassauta hannu, ya yi wata guda da makilin masu zogi bai ji sauƙi ba, ya nemi likitan haƙori. Akwai maganin fuloraid mai ƙarfi da ake shafa wa saiwar, akwai cike tsagin da farin abin cikewa mai launin haƙori, akwai robar da ake yi wa masu cizon haƙora cikin barci, inda janyewar ta yi tsanani kuma akwai aikin dashen dasashi. Ranar zuwa a tafi da buroshin da ake amfani da shi da kwalin makilin a nuna wa likita, domin yadda gashin ya baje zai gaya masa irin ƙarfin da hannu ke sawa da kuma gefen da aka fi dannawa.